Riƙe Allon Talla a Titunan Landan: Abin da Doka Ta Ce

Kafin 2008, duk wanda ya bi ta titin Oxford a Landan zai ga mutane tsaye a bakin hanya, kowa rungume da doguwar sanda mai allo a kai, an zana kibiya tana nuna wani lungu inda ake gwanjon kayan wasan golf ko ake sayar da abinci. Dalilin sana'ar a fili yake. Hayar shago a kan babban titi ta fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, sai ya kama shago a lungu, ya ɗauki mutum ya tsaya masa inda jama'a ke wucewa.

Takura wa wannan aiki ba yau aka fara ba. Tun 1867 dokar titunan Landan ta hana yawo da allon talla a tsakiyar birni sai a irin sigar da kwamishinan 'yan sanda ya amince da ita. Amma wadda ta fi shafar masu aikin a yau ita ce Dokar Ƙananan Hukumomin Landan ta 2007.

Dokar ba ta haramta sana'ar a Landan baki ɗaya ba, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Iko ta ba kowace ƙaramar hukuma ta ware wasu yankuna, ta sanar cewa a cikinsu ba a nuna tallar da ake riƙewa ko ake yawo da ita sai da izini. Landan na da ƙananan hukumomi 32, ban da tsohon garin da ke tsakiya mai nasa tsarin mulki. Saboda haka abin da ya halatta a wannan titi yana iya zama laifi idan aka tsallaka zuwa na gaba. Ƙaramar hukumar Westminster ta yi amfani da wannan iko a 2008, ta hana riƙe allon talla a wurare masu cunkoso irin su titin Oxford da titin Regent. Hujjarta ita ce allunan suna tare hanyar masu tafiya a ƙasa, suna kuma ɓata kyan wurin.

Wanda aka samu da laifi, tararsa na iya kaiwa fam 2,500, kuma jami'an hukuma na da ikon ƙwace allon. A dokar tsara birane ta Ingila ta 1990, wanda ake tallar hajarsa shi ma ana ɗaukarsa a matsayin mai nuna tallar, don haka mai shago ba zai wanke hannunsa da cewa ba shi ke riƙe da sandar ba. Sai dai a aikace, wanda jami'i zai fara tarewa shi ne talakan da ke tsaye cikin sanyi. Shi ya sa bai kamata kowa ya karɓi allo ba sai ya tambayi sunan titin da za a tsayar da shi, ya duba shafin ƙaramar hukumar ko titin na cikin yankin da aka ware. Idan mai shago ya ce yana da izini, a nemi ganinsa a rubuce.

Ko a wajen yankunan da aka ware, akwai dokar hanyoyi ta 1980 da ta hana tare hanya da gangan. Tsayuwa a bakin mashigar jirgin ƙasa, ko daidai inda ake tsallaka titi, ko jingine allo a ƙasa yadda keken guragu ba zai wuce ba, duk suna iya jawo tuhuma.

Ɓangaren da aka fi cutar mutane shi ne kuɗin aiki. Da yawa ana biyansu a hannu kowace yamma, kuɗi dunƙule, babu takarda. Doka ba ta san da wannan rangwame ba. Mai riƙe allo ma'aikaci ne muddin wani ne ke faɗa masa inda zai tsaya da lokacin tashi. A Afrilu 2025, an ƙayyade mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a awa. Wanda ya tsaya awa takwas aka miƙa masa fam 50, an ci masa kusan rabin haƙƙinsa, domin lissafin ya haura fam 97. Idan aikin ya wuce awa shida, yana da hutun minti 20 a jere. Yana kuma da haƙƙin takardar albashi. Hukumar haraji ta HMRC ce ke bin irin wannan ƙorafi, tana iya tilasta wa mai shago ya biya bashin, ta ƙara masa tarar da ta kai ninki biyu na abin da ya danne. Abin da ke kayar da ƙorafi yawanci rashin shaida ne, don haka a riƙa rubuta lokacin farawa da na tashi kullum, a ajiye saƙonnin waya da mai shago ya turo.

Sai batun izinin aiki, wanda ya fi shafar baƙi. Ɗalibin jami'a mai bizar karatu awa 20 kawai aka yarda ya yi a mako lokacin da makaranta ke ci, kuma an hana shi aiki a matsayin mai zaman kansa. Idan mai shago ya ce masa "kai ɗan kwangila ne, ba ma'aikacina ba", wannan magana kaɗai tana iya jefa bizarsa cikin haɗari. Shi kuwa mai shagon da ya ɗauki wanda ba shi da izinin aiki, tun Fabrairu 2024 tararsa na kaiwa fam 45,000 a kan kowane mutum a karon farko, fam 60,000 idan ya maimaita.