Waiwaye: Watannin da wayoyinmu suka yi shiru

Duk sanda aka kama wani matashi kan abin da ya wallafa a Facebook ko TikTok, sai majalisun Sakkwato su rabu biyu: masu cewa a sa wa kafafen nan linzami, da masu cewa so ake a toshe bakin talaka. Ana gardamar kamar jiya aka fara ta.

Alhali ta daɗe. A 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, aka kafa dokar jaridu a Legas. Zamanin soja ya zo da doka mai lamba 4 ta 1984, wadda ta takura wa 'yan jarida. Sai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi ta kuka da sashenta na 24, da ake kama mutane da shi kan abin da suka wallafa, har aka gyara shi a 2024, sai dakatar da Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021. Waɗannan duk an san su.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan don daƙile 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni da Goronyo. A nan ba kalma ɗaya aka hana ba, bakin ne duka aka rufe. Kuma yawancinmu mun ce madalla, har da ni, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na ga mutane a tasha suna ba direbobi wasiƙa a ninke, kamar zamanin iyayenmu. Masu POS sun rufe rumfuna. Na bakin iyaka kuwa sun koma farautar layin Nijar, hannu a sama, suna neman inda sabis zai kama. Da aka kai hari kasuwar Goronyo a watan Oktoba, masu 'yan uwa a can sun kwana suna kiran lambobin da ba sa shiga.

A ganina, a watannin nan ne tsoro ya koya mana cewa magana aba ce da ake kunnawa a kashe, ba tare da mun tambayi sharaɗi ko wa'adi ba. Da yawa cikin masu neman linzami yau, da masu ƙinsa, a sahu ɗaya muke a lokacin.