Nomotheteo: daga zauren Atina zuwa wasiƙar Ibraniyawa

Sau biyu kacal kalmar nomotheteo ta fito a Sabon Alkawari, duka a wasiƙar Ibraniyawa, 7:11 da 8:6. Amma kafin ta iso nan ta sha tafiya.

Asalinta kalmomin Helenanci biyu ne: nomos, wato doka, da tithemi, wato kafawa. A Atina ba ta da wata kwana, kafa doka take nufi. Solon, wanda ya gyara dokokin birnin wajen shekara ta 594 kafin haihuwar Almasihu, nomothetes ake ce masa, wato mai kafa doka. Bayan dawowar mulkin jama'a a 403 aka ware wasu mutane, nomothetai, su zauna su ji mai kawo sabuwar doka, su ji mai kare tsohuwa, sannan su yanke.

A Iskandariya ta Masar ne ta sauya kama. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu Yahudawan birnin suka fara juya Littattafansu zuwa Helenanci. Kalmar torah, wadda muke ce wa Attaura, ana danganta ta da aikatau na Ibrananci mai nufin koyarwa ko nuna hanya. Da suka fassara torah da nomos, sai a wurare da dama suka fassara aikatau ɗin da nomotheteo. Dubi Zabura 27:11, inda mai addu'a ke roƙon Ubangiji ya koya masa hanyarsa. Da wannan kalma aka rubuta roƙon a fassarar Helenanci. Haka Fitowa 24:12, inda aka kira Musa ya hau dutse ya karɓi allunan domin a koya wa jama'a. Kalmar da ake amfani da ita a majalisa ke nan ta shiga bakin mai neman a kama hannunsa a ɗora shi kan hanya.

Marubucin Ibraniyawa da wannan fassarar yake kawo nassosinsa. Shi ya sa nake ganin an rage wa kalmar nauyi idan aka tsaya kan "doka" kawai. A 7:11 jama'a sun karɓi Shari'a ne a ƙarƙashin firistocin Lawi. A 8:6 kuwa sabon alkawari ne aka kafa bisa alkawura mafi kyau, kuma nan take marubucin ya ɗauko Irmiya 31, inda Allah ya ce zai sa dokokinsa a tunanin mutane, ya rubuta su a zukatansu.