Idan aka kama ɗan'uwanka a ƙasar waje, me ofishin jakadanci zai iya yi masa?

Kwana biyun nan akwai maganar da ke yawo a WhatsApp, har a wajen 'yan canji na Zone 4 a Abuja ana ta maimaita ta, wai idan 'yan sanda suka kama ka a Saudiyya ko Dubai kar ka yarda a sanar da ofishin jakadancin Najeriya don su ne za su sa a taso ƙeyarka gida. Wallahi gurguwar shawara ce, irin wadda ke sa bawan Allah ya daɗe a tsare iyayensa ba su san ma inda yake ba.

Sashe na 36 na yarjejeniyar Vienna ta 1963, wadda ƙasashe suka ƙulla kan aikin ofisoshin jakadanci, shi ne ya ba wanda aka kama haƙƙin a sanar da ofishin ƙasarsa, kuma ya haɗa kowa, ɗalibi, ɗan kasuwa, mai Umara, har wanda bizarsa ta ƙare.

Inda jama'a ke rikicewa shi ne, hukumar da ta kama ka dole ta gaya maka kana da wannan haƙƙin ba da ɓata lokaci ba, amma fa sanar da ofishin namu sai in kai ka nema da bakinka. Ka yi shiru, su ma suna iya yin shiru. In ka nema, misali a Saudiyya, jami'inmu na Riyad ko na Jidda yana da damar ya zo ya gan ka, ku yi magana, ya taimaka a samo lauya. Korar mutum kuwa hukuncin ƙasar da ta kama shi ne, ko an sanar ko ba a sanar ba.

Su kuma masu zuwa ma'aikatar harkokin waje nan Abuja ko NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, da tunanin jakada zai buga waya a buɗe ƙofa, ku rage buri. Ba ya hana shari'a, ba ya soke hukunci, dokar can ce ke aiki. Ko Jamus da ƙarfinta ba ta hana Amurka kashe wasu 'yan ƙasarta biyu, wa da ƙane, a 1999 ba, duk da ba a gaya musu haƙƙinsu da wuri ba, sai a 2001 kotun duniya ta ce an saɓa yarjejeniyar, bayan mai afkuwa ta afku.

Abin da ke min ciwo ke nan, an ɗora nauyin nema a kan mutumin da ke cikin firgici, wanda Larabcinsa bai wuce na cefane ba, ga takarda an miƙo masa wai ya sa hannu. Don Allah mai ɗan'uwa a waje ya gaya masa tun yanzu, ya nemi a sanar da ofishinmu, ya nemi tafinta kafin ya taɓa biro.