Mene ne Daibutsu? Ma'anar kalmar da yadda ake zuba babban Buddha na tagulla

Duk mai kallon hotunan yawon buɗe ido na ƙasar Japan zai ci karo da wani ƙaton mutum-mutumi a zaune, ya tanƙwashe ƙafafu, idanunsa a lumshe, jikinsa ya yi kore-kore saboda daɗewa a waje. Sunan irinsa Daibutsu. Kalmar Japananci ce mai gaɓa biyu: dai na nufin babba, butsu kuma shi ne yadda suke furta Buddha. Wato babban Buddha ke nan.

Amma girman yana da ma'auni. A al'adar mabiya addinin Buddha, an ce tsayin Buddha a tsaye ya kai abin da Japanawa ke kira joroku, kusan mita 4.8, a zaune kuwa rabin haka. Siffar da ta kai wannan ko ta zarce, ita ake ba wannan suna. Akwai na dutse, akwai na katako, sai dai in aka ambaci kalmar hankali ya fi karkata ga na tagulla, musamman guda biyu: na birnin Nara da na Kamakura. Tagullar da ake magana a nan jan ƙarfe ce da aka gauraya da kuza, wani lokaci har da dalma. Jan ƙarfe zalla yana da gardama wajen zubi, kuzar ce ke sa ya narke da wuri, ya kwarara cikin kowane lungu, ya kuma yi ƙwari in ya huce.

Na Nara ya samo asali ne daga bala'i. Tsakanin 735 da 737 annobar agana ta yi wa Japan mummunar ɓarna, ga fari, ga tawaye. A shekarar 743 Sarki Shomu ya yi shelar za a zuba siffar Buddha Vairocana, wanda suke ɗauka a matsayin hasken da ya game duniya, domin ƙasa ta samu lafiya. A cikin shelar ya ce duk mai son taimakawa, ko da tsinken ciyawa ne ko dunƙulen ƙasa, kada a hana shi. Wani limamin addinin mai farin jini a wurin talakawa, Gyoki, shi ya shiga ƙauyuka neman gudummawa.

To, yaya ake zuba abu mai tsayin kusan mita 15 a zamanin da babu injin ɗaga kaya? Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane ya ga tushen dabarar: ana buƙatar ciki, ana buƙatar waje, da ɗan rata a tsakani inda narkakken ƙarfe zai zauna. Bambancin shi ne girma. Sai da suka kafa ƙashin katako, suka yaɓe shi da yumɓu har siffar ta fito cif yadda ake so. Daga nan suka sake manna wani yumɓun a kanta, ya bushe, suka ɓamɓare shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ɗauke da zanen jikin. Sai suka bi siffar farko suna kankare 'yan santimita daga fatarta, suka mayar da gunduwoyin mazauninsu. Ratar da kankarewar ta bari, ita ce kaurin tagullar.

Ba a iya zuba duka a lokaci guda. Sai a fara daga ƙasa, a tara tudun ƙasa a kewaye don ya danne yumɓun kada ya fashe, a jera matoya a kan tudun, a yi ta zuga wuta da gawayi, sannan a buɗe hanyoyi ƙarfen ya gangara. In wannan hawa ya huce sai a ƙara tudu, a hau na gaba. Sau takwas aka yi haka, daga 747 zuwa 749, har siffar ta nutse ɗungurungum cikin tsaunin da mutane suka tara da hannu. Bayan nan aka rushe tsaunin, aka shiga toshe ramuka da goge tabo. Jan ƙarfen da aikin ya ci ya kusa tan 500.

Shafa zinariya shi ne ɓangaren da ba a cika faɗa wa masu yawon buɗe ido ba. Ana narkar da zinariya cikin zaiba ta zama kamar kwaɓi, a shafa a jikin tagulla, a kara wuta, zaibar ta tashi ta bar zinariya a manne. Hayaƙin nan guba ne, kuma shekaru aka kwashe ana shaƙarsa a cikin rufaffen zaure. Ni dai in na ga ana yabon sarkin da ya yi shela, masu riƙe da wutar nan nake tunawa.

A 752 aka yi bikin da suke kira buɗe ido. A wurinsu, kafin a ɗiga ƙwayar ido, abin ƙarfe ne kawai. Wani malami ɗan Indiya, Bodhisena, shi ya riƙe alƙalamin gashi ya zana idon, an ɗaura wa alƙalamin dogayen igiyoyi waɗanda Shomu da sauran mahalarta suka kama don su ma a ce da hannunsu a ciki. Alƙalamin da igiyar suna nan ajiye a taskar Shosoin da ke Nara.

Jikin siffar kuwa karanta shi ake yi kamar rubutu, domin maƙeri ba shi da ikon ƙirƙiro fuskar da ya ga dama. Littattafan addinin sun lissafa manyan alamomi 32 na jikin Buddha. Tudun nan na tsakiyar ka, da ake kira ushnisha, alamar hikima ce. Ɗigon da ke tsakanin girare, urna, gashi ne fari a naɗe wanda suka ce haske ke fita daga gare shi. Kunnuwan da suka zubo har kusa da kafaɗa suna tuna cewa Siddhartha Gautama, mutumin da ya zama Buddha, ɗan sarki ne da ya saba sa 'yan kunne masu nauyi, ya cire su ranar da ya bar fada, ramin ya rage. Gashin kai ƙananan dunƙule ne masu kama da dodon koɗi, a Nara ɗaya-ɗaya aka zuba su aka dasa. An daɗe ana cewa 966 ne, sai binciken na'ura a 2015 ya nuna gurabensu 492 ne a kan da ke wurin yanzu. Mazauninsa furen lotus ne, mai kama da badon tafkunanmu, wanda ke tsirowa daga taɓo ya fito fes.

Hannu ne ya fi yin magana, kuma yanayin riƙe shi ake kira mudra. Na Nara ya ɗaga dama, tafin yana kallon jama'a, ma'ana kada ku ji tsoro. Hagu kuma a shimfiɗe kan gwiwa, tafin a buɗe, alamar bayarwa. Na Kamakura ya haɗa hannu biyu a cinya, manyan yatsu da manuniya sun yi zobe, alamar nutsuwa cikin tunani. Da wannan masu sani ke gane cewa shi wani Buddha ne mai suna Amida, ba Vairocana ba.

Abin da mai ziyara ke gani a Nara yau yawancinsa faci ne. Yaƙi ya ƙone zauren a 1180, ya sake ƙone shi a 1567, kan siffar ya faɗi, kan da ke wurin yanzu na ƙarshen ƙarni na 17 ne. Aikin asali ya fi saura a ganyayen furen da yake zaune a kai, inda zanen ƙarni na 8 yake har yanzu.

Shi ya sa a ganina na Kamakura ya fi nuna aikin maƙera. An fara shi a 1252, tsayinsa ya ɗan haura mita 11, nauyinsa kusan tan 121. Iska da ruwa sun sha rushe zauren da ya rufe shi, tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 yake zaune a fili, zinariyar ta wanke sai ɗan ɓurɓushi a gefen fuska. Koren da ya rufe shi ba lalacewa ba ce, wata fata ce da tagulla ke yi wa kanta, tana kare abin da ke ƙasa. Cikinsa holoƙo ne, akwai 'yar ƙofa a gefe, ana biyan kuɗi kaɗan a shiga. Daga ciki ana ganin layin kowane hawa na zubi, da yadda aka sarƙe sabon ƙarfe da tsoho don kada su rabu, ga tagogi biyu a bayansa suna shigo da haske.

Ana ci gaba da yin sababbi, amma dabarar ta sauya. Na garin Ushiku, wanda aka gama a 1993, mita 120 ne har da gindinsa, faifan tagulla ne aka jera a kan ƙashin ƙarfe kamar yadda ake rufe dogon bene, har da lif a ciki.

A Nara kuwa, kowace ranar 7 ga Agusta limamai da masu sa-kai sukan yi wanka, su sa fararen kaya, a yi addu'ar fitar da ruhin siffar na ɗan lokaci, sannan a ɗaga wasu cikin kujerun igiya daga rufin zauren, su bi kunne da hanci da tafin hannu suna kakkaɓe ƙurar shekara da tsintsiya.