O'Brien: Asalin Sunan da Tarihinsa a Ƙasar Ayilan

O'Brien sunan zuriya ne na mutanen Ayilan. A harshensu ana rubuta shi Ó Briain, a tsoffin littattafai kuwa Ua Briain, wato jikan Brian. Brian ɗin shi ne Brian Boru, ɗan gidan sarautar Dál gCais na yankin Clare, wanda ya zama babban sarkin Ayilan a 1002, aka kashe shi a yaƙin Clontarf kusa da Dublin ranar 23 ga Afrilu, 1014.

Shi kansa bai amsa wannan suna ba, 'ya'yansa ma haka. Daga kan jikoki aka faro. Toirdelbach Ua Briain, wanda ya rasu a 1086, da ɗansa Muirchertach, wanda ya rasu a 1119, su suka ɗaukaka sunan. Daga baya ikon gidan ya taƙaita ga masarautar Thomond, wadda ta ƙunshi yankin Clare da kewayensa, har zuwa 1543 da Murrough O'Brien ya yi mubaya'a ga Sarki Henry na 8 na Ingila, aka naɗa shi Earl na Thomond, wata sarauta irin ta Ingila.

Sunan mace daban yake: 'yar gidan Ní Bhriain ce, wadda aka auro kuma Uí Bhriain. Rubutun Turanci ya shafe wannan bambanci. A zamanin mulkin Ingila iyalai da dama sun yar da harafin O, suka koma Brien ko Bryan, sai bayan kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen Ayilan ta Conradh na Gaeilge a 1893 wasu suka maido da shi. A rajistar haihuwa ta 1890, O'Brien ne na shida a yawa a ƙasar. Babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta kai sunan Amurka, Kanada da Ostireliya.

Mai bin salsala ya yi hattara, domin amsa sunan ba hujja ba ce ta jinin sarauta. Kada a haɗa shi da O'Byrne, wanda Ó Broin ne, wani gida daban na yankin Wicklow. A nemi kowane mutum da O da kuma ba O, tunda magatakarda sukan rubuta mutum ɗaya iri biyu. Rajistar haihuwa ta gwamnati daga 1864 ta soma, kuma gobarar 1922 a ma'ajiyar takardu ta Dublin ta cinye yawancin takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Saboda haka a fara da ƙidayar 1901 da ta 1911, a gano ƙauyen iyalin, sannan a koma ga littattafan baftisma na cocin wurin.