Waiwaye: Tun Daga Lokacin da Risho Ya Mutu

Duk shekara da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai muhawara ta dawo sabuwa a majalisun Sakkwato da shafukan Facebook. Wasu su ce hayaƙin manyan ƙasashe ne ya dagula yanayin duniya, mu kuma muke biyan bashin da ba mu ci ba. Wasu su ce lamarin Ubangiji ne, a koma ga addu'a. Matasa masu fafutukar kare muhalli kuwa kiransu ɗaya ne, a rungumi sola. Kowa da gaskiyarsa. Sai dai ana maganar kamar jiya abin ya faɗo mana, alhali ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarar da garken shanu, na 1984 ya biyo sahu. A tsakaninsu aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya, aka jera dogon yaro don tare iska. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Sanagal zuwa Jibuti, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. A Satumbar 2010 ambaliya ta ci ƙauyukan bakin Rima har ta yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai ga shi a 2018 ruwan Goronyo ya ja baya zuwa kusan kashi goma cikin ɗari.

Abin da ba a cika ambata ba, a madafa ya faru.

Wanda ya tashi cikin birnin Sakkwato a shekarun 1980 ya san risho. Yana gidan malamin makaranta, yana gidan tela, yana cikin kayan ɗakin amarya. A ba yaro kwalba ya sayo kananzir, uwar gida ta gyara lagwani, shi ke nan an ɗora miya. Itace bai bar gida ba, tuwon babban gida da girkin biki nasa ne, amma yawancinsa busasshe ne, ana haɗawa da kirare da karan dawa. Gawayi kuwa kayan sana'a ne: maƙeri, mai guga, mai shayi.

Ƙarancin mai na tsakiyar shekarun 1990 ya fara girgiza wannan tsari, amma kananzir ya dawo. Daga 2016, da ya fita daga jerin kayan da ake yi wa tallafi, farashinsa ya kama hanya bai waiwayo ba, kafin ƙarshen 2022 lita ɗaya ta haura naira dubu. Masu hali suka sayi tukunyar gas, ita ma ta yi tsada. Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi yawa, suka tura risho ƙarƙashin gado suka ɗauko kurfoti. Ba kewar kananzir nake yi ba, shi ma mai ne da ake haƙowa, yana da nasa hayaƙin. Abin da ke damuna shi ne ya tafi ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba, sai daji ya biya.

A nan ne yadda ake cin dajin ya sauya. Mai tsintar kirare reshen da ya mutu take nema, ta ɗaura dami ta bar bishiya tsaye. Mai ƙona gawayi gindin yake so, kuma ɗanye, kuma mai tauri irin kirya da marke. Zai sare daga ƙasa, ya daddatsa, ya jera, ya rufe da ciyawa da ƙasa, ya bar wuta tana ci a hankali kwana da kwanaki. Da wannan hanya sai an ƙona itace kilo biyar, wani lokaci har goma, kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Bishiyar da ta shekara hamsin tana ba da inuwa, 'yan buhuna za ta zama. Shi ma mai saran ba mugu ba ne, galibi manomi ne da damina ta yi masa gardama, birni kuma ya buɗe masa kasuwa. Da manyan itatuwan kusa suka yi wuya, sai motoci suka fara ɗauko buhuna daga dazuzzukan da ke kudu da mu.

Gatarin da ya saba bai tsaya kan kirya ba. Ya taɓa gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. Ya taɓa bagaruwa, wadda majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da 'ya'yanta. A gonakin Gada, Illela, Tangaza da Gudu, inda itace ya yi ƙaranci, iskar farkon damina kan binne shuka da rairayi, sai manomi ya sake shuka. Ruwa in ya zo da ƙarfi ba abin da ke riƙe shi, ya kwashi ƙasa ya zuba a gulbi. Zafin da rikicewar damina daga nesa aka jawo mana su, wannan haka yake, amma sun tarar da mu muna sare garkuwarmu.

Maganar makamashi mai sabuntuwa ma ba baƙuwa ba ce a nan. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'a. An gwada injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, an haska Kwalkwalawa da sola, an ƙera murhu mai tsimin itace, an gwada fitar da gas daga kashin shanu. Bayan tashin farashin fetur a 2023, manoman albasa da dama sun koma ban ruwa da sola, abin a yaba ne ƙwarai. Amma farantin da ke saman kwano ƙwan fitila yake kunnawa, ya juya fanka, ya yi cajin waya. Tuwon dare har yanzu gawayi ke dafa shi. Fafutukar tana tsallake murhu, ina jin don masu zama gabansa mata ne, kuma ba su ke riƙe da lasifika a taro ba. Alhali murhun duwatsu uku mafi yawan zafinsa iska yake bi, ingantaccen murhun laka kuwa yana rage cin itace sosai, kuma maginin tukwane na unguwa zai iya yin sa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun kama wata hanyar tun bayan farin 1984. Suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, suka riƙa barin tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi suna yi musu aski. Miliyoyin kadada sun sake yin itace a kudancin Nijar ta haka, kuma rassan da ake askewa su matan gidan ke girki da su.