Kaiseki

Kaiseki tsarin cin abinci ne na ƙasar Japan wanda ake kawo wa baƙo ƙananan girke-girke ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da mai girki ya tsara. Baƙo ba ya zaɓen abin da zai ci. Shi ne mafi daraja, kuma mafi tsada, a cikin abincin gargajiyar ƙasar, ana kuma samunsa a manyan gidajen abinci na Kyoto da Tokyo da Osaka, da wasu masaukan gargajiya da ake kira ryokan. Zama ɗaya kan ci awa biyu zuwa uku, jerin kuma kan kai kala takwas zuwa goma sha biyu, yawancinsu 'yan lomomi kaɗan ne.

Asalin sunan

Ana rubuta kalmar iri biyu a harshen Japananci, duk da furucinsu ɗaya ne. Rubutu na farko yana nufin "dutse a ƙirji". Labarin da aka saba bayarwa shi ne, masu zuhudu na ɗariƙar Zen ta addinin Buddha ba sa cin abinci bayan rana ta yi tsaka, sai su ɗumama dutse su sa cikin riga a kan ciki don rage raɗaɗin yunwa. Wato abincin da bai fi wannan dutse ba, ɗan abin da zai toshe ciki kawai. Masana da dama na ganin daga baya aka liƙa wa abincin wannan rubutu, wajen ƙarshen ƙarni na 17. Rubutu na biyu ma'anarsa "wurin taro", shi ne kuma ake amfani da shi ga liyafar gidajen abinci. A yau mutane na cakuɗa su.

Tarihi

Kafin kaiseki akwai al'adun girki uku da ya ɗebo daga cikinsu. Akwai abincin fadar sarki a Kyoto, birnin da ya kasance fadar mulki daga 794 zuwa 1868. Akwai shojin ryori, abincin wuraren bautar Buddha, wanda babu nama ko kifi a cikinsa, shi ya koya wa masu girki yadda ake fitar da ɗanɗano daga waken soya da saiwoyi da ganye. Sai honzen ryori, liyafar manyan mayaƙa ta zamanin Muromachi (1336 zuwa 1573), inda ake jera wa kowane baƙo ƙananan tebura cike da abinci, wani ma don kallo aka yi shi, ba don ci ba. Ga kuma doguwar al'adar ƙaurace wa nama: a shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a watannin noma, kuma nama bai dawo teburin manya a sarari ba sai 1872, da aka ba da labarin Sarki Meiji ya ci naman shanu. Wannan ne dalilin da kifi da kayan lambu suka mamaye kaiseki har yau.

Mutumin da ake danganta wa tsarin shi ne Sen no Rikyu, ɗan gidan 'yan kasuwa daga birnin Sakai, wanda aka haifa a 1522. Ya zama babban malamin shayi ga Oda Nobunaga, daga baya ga Toyotomi Hideyoshi, mutanen da suka fi kowa ƙarfi a ƙasar a lokacin. Shayin da ake sha a zaman shayi na gargajiyar Japan garin koren ganye ne da ake damawa da kauri, yana da ƙarfi ga wanda bai ci komai ba, don haka ake fara ba baƙi ɗan abinci. Rikyu ya rage wannan abinci zuwa shinkafa da miya ɗaya da mahaɗi uku, abin da ake kira ichiju sansai. Ya kuma nace a kawo kowane abu daidai lokacin da ya sauka daga wuta, maimakon a jera komai ya huce. Wannan ƙaramin sauyi, kawo abinci ɗaya bayan ɗaya da zafinsa, shi ne ƙashin bayan kaiseki, kuma ya fi duk ƙawar da aka ƙara masa daga baya muhimmanci.

Ɗakin shayin Rikyu ma yana nuna tunaninsa. Ɗakin Tai-an, wanda ake danganta masa kuma yake tsaye har yanzu kusa da Kyoto, faɗinsa tabarmar tatami biyu ne kacal. Ƙofar shiga ƙarama ce ƙwarai, dole jarumi ya ajiye takobinsa a waje ya rarrafa ya shiga kamar kowa. A 1591 Hideyoshi ya umarci Rikyu da ya kashe kansa. Har yanzu ba a daidaita a kan dalilin ba.

A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) 'yan kasuwa sun yi kuɗi, gidajen abinci na alfarma suka bayyana a birane, musamman daga ƙarni na 18. Yaozen na birnin Edo, wato Tokyo ta yau, na cikin waɗanda suka fi suna. A nan abincin ya rabu da shayi ya koma rakiyar giyar shinkafa, sake, a tarukan mawaƙa da attajirai. Ana ganin bambancin a wuri ɗaya: a zaman shayi shinkafa da miya ake fara kawowa, a gidan abinci kuwa su ne na ƙarshe. Gidan Hyotei da ke kusa da wurin bautar Nanzen-ji a Kyoto ya fara ne da sayar wa matafiya shayi kimanin shekara 400 da suka wuce, ya zama cikakken gidan abinci a 1837, kuma har yanzu ana saninsa da dafaffen ƙwai mai ruwa-ruwan gwaiduwa.

Kaiseki irin wanda ake ci yanzu ɗan ƙarni na 20 ne. Yuki Teiichi, wanda ya buɗe gidan Kitcho a Osaka a 1930, ya dawo da natsuwar ɗakin shayi cikin liyafar gidan abinci, ya kuma mai da hankali ga tsofaffin kwanuka da yadda ake jera abinci a kansu. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta karrama shi a matsayin wanda ya yi wa al'adu hidima, shi ne mai girki na farko da ya samu wannan. Kitaoji Rosanjin (1883 zuwa 1959), maginin tukwane kuma mai gidan abinci a Tokyo, shi ake danganta wa maganar cewa kwano tufafin abinci ne.

Romo

Duk wanda ke son gane gwanintar gidan kaiseki, romon da ake kira dashi zai duba. Abu biyu ake haɗawa: kombu, busasshiyar ciyawar teku wadda kusan duka daga tsibirin Hokkaido take zuwa, da katsuobushi, kifin da ake dafawa a ƙyafe shi a shanya na watanni har ya yi tauri kamar itace, sannan a fere shi siriri. Ana ɗumama kombu a ruwa ba tare da an bari ya tafasa ba, wasu masu girki na Kyoto kan riƙe shi a zafin kusan digiri 60 na tsawon awa guda. Sai a cire, a ƙara wuta, a zuba feren kifin, a tace cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Romon kan fito garau, launin shayi marar kauri, babu maiƙo ko kaɗan.

A 1908 masanin sinadarai Ikeda Kikunae na Jami'ar Tokyo ya gano cewa sinadarin gulutamet ne ke ba kombu wannan ɗanɗano, ya sa masa suna umami. Aikin da daddawa ke yi wa miya ke nan, sai dai dashi ba shi da ƙamshi mai ƙarfi. Ruwan rijiyoyin Kyoto ba shi da gishirin ƙasa da yawa, abin da ke sauƙaƙa fitar ɗanɗanon kombu, shi ya sa ake jin wasu masu girkin Kyoto da suka buɗe reshe a Tokyo na ɗauko ruwa daga Kyoto.

Jerin abincin

Kowane gida da nasa tsari, amma akwai sunayen da ba sa ɓata. Ana buɗewa da sakizuke, ɗan abin motsa baki. Hassun tire ne mai ɗauke da ƙananan abubuwa daga teku da tudu, sunan ya fito ne daga ma'aunin tiren katako na asali, kimanin santimita 24 a kowane gefe, shi ne kuma ke sanar da baƙo lokacin shekarar da ake ciki. Mukozuke ɗanyen kifi ne da aka yanka. Sai wanmono, romo a cikin akushi mai murfi wanda aka shafe da ƙaron itacen urushi har yana ƙyalli. Baƙo kan ɗaga murfin a hankali, tururi ya taso da ƙamshin ɓawon lemon yuzu, a cikin murfin kuma sau da yawa akwai zanen zinariya da ba a gani sai an buɗe. Masu girki da kansu na ɗaukar wannan akushi a matsayin jarrabawarsu. Bayansa gasasshen kifi a kan gawayi, da kayan lambu da aka dafa kowanne daban aka haɗa a kwano ɗaya, sannan shinkafa da miyar miso (tsumammen waken soya) da kayan lambu da aka tsuma da gishiri. Ana rufewa da 'ya'yan itace ko ɗan kayan zaƙi.

Lokacin shekara ne ke yanke abin da za a dafa, kuma ana sauya jerin kusan kowane wata. Japanawa na raba lokacin kowane kayan abinci uku: hashiri, farkon fitowarsa, shun, lokacin da ya fi daɗi, da nagori, na bankwana. Tohon gora na watan Afrilu ne, naman kaza na matsutake na kaka, ƙaguwa ta hunturu. A watan Yuli, lokacin bikin Gion, Kyoto na cin hamo, dogon kifi mai kama da maciji. Birnin na nesa da teku, hamo kuwa na cikin 'yan kifayen da ke isowa da rai a zafin bazara kafin zuwan na'urar sanyi. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙayoyi da ba sa ciruwa, sai mai girki ya bi shi da wata wuƙa mai nauyi yana tsagawa, sama da sara 20 a cikin santimita 3, ba tare da ya yanke fatar ba. Wanda ke zaune kusa yana jin ƙarar ƙayoyin, ƙaras-ƙaras. Idan aka tsoma naman a ruwan zafi sai ya buɗe kamar farin fure. Ɗan koyo kan shafe shekaru kafin a ba shi wannan wuƙa.

Gidajen da ladubban zama

Ryotei shi ne tsohon salo: ɗaki na keɓe, tabarmar tatami, ɗan lambu a waje, uwar gida da ake kira okami tana tarbar baƙi, mata masu hidima sanye da kimono, tufafin gargajiyar ƙasar. Wasu ba sa karɓar baƙon da wani tsohon abokin hulɗa bai gabatar ba. Ryotei na unguwannin Akasaka da Shinbashi a Tokyo sun daɗe suna zama wurin ƙulle-ƙullen 'yan siyasa da manyan kamfanoni, yawansu ya ragu sosai bayan faɗuwar tattalin arziki a farkon shekarun 1990. Kappo kuwa, wanda ya taso a yankin Osaka da Kyoto a farkon ƙarni na 20, baƙi ne ke zama a gaban dogon tebur, sau da yawa ba su kai goma ba, mai girki na aiki a gabansu.

Ana kama gurbi makonni ko watanni kafin ranar, ana kuma faɗin abin da mutum ba ya ci tun lokacin, domin da asuba ake sayo kaya daidai da mutanen da aka san za su zo. Wanda ya fasa zuwa a ƙurarren lokaci yakan biya kuɗin. Ana cire takalmi, ana shiga da safa mai tsabta. Turare mai ƙarfi abin ƙi ne, saboda yana danne ƙamshin romo ga duk na kusa. Ana son a cire zobe kada ya karce akushi, wasu kwanukan sun haura shekara ɗari. Ba a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, ba a kuma miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun na cikin al'adun jana'iza. Kafin a fara ana cewa "itadakimasu", bayan an gama "gochisosama deshita". Ba a ba da tukuici, gidan ne ke ƙara ladan hidima a kan lissafi, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Mai girki kan rako baƙo har waje, ya tsaya yana rusunawa har sai baƙon ya sha kwana.

Ga Musulmi akwai abin lura: sake da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, suna shiga miya da gashi da dama ko da ba a ambata ba. Wasu gidaje na yarda su yi girki ba tare da su ba idan an nema tun wajen kama gurbi, wasu ba sa yarda.

A yau

Kundin Michelin, mai ba gidajen abinci taurari bisa ingancinsu, ya fara tantance gidajen abincin Tokyo a 2007, na Kyoto da Osaka a 2009, gidaje irin su Kikunoi, wanda aka kafa a 1912, suka samu taurari uku, matsayi mafi girma. A Disambar 2013 hukumar UNESCO ta sa washoku, al'adar abincin Japan, cikin jerin kayan gadon bil'adama. Abincin dare na mutum ɗaya a fitattun gidaje kan kama daga kusan yen 20,000 zuwa sama da 50,000, na rana ya fi sauƙi.

Ana yawan cewa kaiseki ya yi tasiri a kan sabon salon girkin Faransa na shekarun 1960 da 1970, bayan ziyarar da masu girki irin su Paul Bocuse suka kai Japan, sai dai ana saɓani kan girman tasirin. A wajen ƙasar akwai gidajen kaiseki a Landan da Paris da New York, da gidan n/naka da Niki Nakayama ta buɗe a Los Angeles a 2011, inda take amfani da kayan lambun Kalifoniya maimakon shigo da komai daga Japan. Masu ra'ayin gargajiya ba su daidaita ba kan ko irin wannan ya cancanci sunan.